Tayar Ƙasar Ƙanƙara a Kan Kwaltar Kano: Darasi Kan Roba, Zafi da Santsi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi Titin Murtala Muhammad ta wajen Bata, tsakanin Fagge da Sabon Gari, zai ga tayoyin mota jibge a bakin shaguna da rumfunan masu faci. Wasu sababbi ne a cikin leda, wasu kuwa na gwanjo ne, waɗanda aka fi sani da 'yan Beljiyam. Sau da yawa mai motar jif yakan tsaya, ya sa yatsa a cikin zanen wata taya ya ji zurfinsa, mai shago kuma ya ce masa, “Alhaji, wannan ai kamar sabuwa take, Bature bai mora ba.” Ciniki ya faɗa, a ɗaura taya, a kama hanyar Kaduna ko Katsina.

Abin da mai saye bai lura da shi ba shi ne wata 'yar alama a gefen tayar: hoton dutse mai tsini uku, da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Wannan alama tana nufin an yi tayar ne domin ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanya. A can, tana ceton rayuka. A kan kwaltar Kano cikin watan Afrilu kuwa, halinta daban ne. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, tun daga itacen da ake samun roba har zuwa rubutun da ke jikin taya, domin ɗalibi ya iya karanta shi ya fahimtar da na gida.

Asalin Roba

Roba ta asali ruwan itace ce. Ɗalibin da ya taɓa karya ganyen tumfafiya ko reshen aguwa ya ga farin ruwa mai kama da madara yana fitowa. Tsirrai da yawa suna da irin wannan ruwa, kuma yana taimaka musu wajen toshe rauni da korar ƙwarin da ke cin ganye. Itacen da duniya ta dogara da shi wajen samun roba sunansa na kimiyya Hevea brasiliensis, asalinsa daga dazuzzukan Amazon na ƙasar Barazil. Danginsu ɗaya da rogo da zurma da aguwa. A shekarar 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya kwashi irin itacen kimanin 70,000 ya kai lambun Kew da ke Landan, daga nan aka yaɗa shi zuwa kudu maso gabashin Asiya, inda ake noman mafi yawan robar duniya a yau. A Nijeriya ana noman sa a jihohin kudu kamar Edo da Delta da Kuros Riba, kuma akwai cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo, kusa da birnin Benin.

Idan aka duba roba a matakin ƙwayoyinta, za a tarar dogayen sarƙoƙi ne da suka cuɗe da juna kamar taliyar da aka dafa. Ɗanyar roba tana da babban aibi: da zafi takan yi laushi ta yi danƙo, da sanyi kuma ta sandare. A shekarar 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa idan aka dafa roba da farar wuta, wannan aibi yana raguwa ƙwarai. Farar wutar tana ɗaure sarƙoƙin nan da juna nan da can, ta yadda za su miƙe su dawo ba tare da sun zame sun rabu ba. Daga sunan wannan dahuwa a Turance aka samo kalmar bakanaiza da wasu ke kiran mai faci da ita. A 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska, kuma a 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar tayar da ake kira radiyal, wadda kusan duk ƙananan motoci ke amfani da ita yanzu.

Tayar zamani haɗi ce ta abubuwa da dama: robar itace, robar da ake haɗawa daga man fetur, baƙin garin kabon wanda ke ba ta launi da ƙarfi, garin silika, mai, da wayoyin ƙarfe da zare. Yadda aka auna waɗannan kayan haɗi shi ke sa wata taya ta dace da sanyi, wata ta dace da zafi.

Tafin Hannu Huɗu

Kafin a shiga batun zafi da sanyi, ya kamata a san girman wurin da mota ke taɓa ƙasa. A ɗauki jif mai nauyin kilo 2,000. Kowace taya tana ɗauke da kilo 500. Idan iskar da ke cikinta tana danna kowane santimita murabba'i da ƙarfin kimanin kilo 2.4, to faɗin robar da ke kan kwalta zai zama 500 a raba da 2.4, watau kimanin santimita murabba'i 200. Wannan bai wuce tafin hannun babban mutum da yatsunsa ba. Ke nan duk tafiya da juyawa da tsayawar wannan ƙatuwar mota sun rataya ne a kan tafin hannu huɗu.

Ƙarfin da ke hana taya zamewa shi ake kira gogayya. Masana kimiyya suna auna shi da lamba. A kan busasshiyar kwalta lambar takan kai wajen 0.8, a jiƙaƙƙiya wajen 0.5, a kan dusar ƙanƙara da aka tattake wajen 0.2, a kan sandararriyar ƙanƙara kuwa wajen 0.1. Ga yadda ake lissafin tazarar birki: a ninka gudu da kansa, sannan a raba da abin da aka samu bayan an ninka 2 da lambar gogayya da kuma 10, watau jan ƙasa. Motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 20 ne a daƙiƙa. Saboda haka za ta tsaya bayan mita 25 a busasshiyar kwalta, mita 40 a jiƙaƙƙiya, mita 100 a dusar ƙanƙara, da mita 200 a kan ƙanƙara zalla.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ɗalibi ya lura da su a wannan lissafi. Na farko, idan gudu ya ninka biyu, tazarar birki tana ninka huɗu. Na biyu, nauyin mota da ƙarfin injinta ba su shiga lissafin ba. Jif mai jan ƙafa huɗu ta fi ƙaramar mota iya tashi a wuri mai santsi, amma idan aka zo tsayawa, kowace mota da tayoyi huɗu take taka birki. Hasali ma, ƙarfin injin kan ruɗi direba ya ɗauka hanya ba ta da santsi, sai ya zo kwana ya gane kurensa.

Abin da Sanyi Ke Yi wa Roba

Kowa ya san yadda man ja ke daskarewa da hunturu ya narke da bazara. Roba ba ta narkewa kamar mai, amma taurinta yana canjawa da yanayi. Idan da ɗumi, sarƙoƙinta suna motsi, sai ta lanƙwasa ta shiga 'yan ramukan da ke fuskar kwalta ta kama su. Idan sanyi ya yi yawa, motsin yana raguwa, robar ta yi tauri, ta riƙa zamewa a kan hanya. Masu ƙera taya sun ɗauki digiri 7 a ma'aunin Salshiyos a matsayin iyaka: ƙasa da haka, tayar bazara ta fara rasa kamunta.

Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro tayar hunturu. An fara yin ta a ƙasar Finlan a 1934, domin manyan motoci, a kamfanin da a yau ake kira Nokian, kuma a 1936 aka fito da ta ƙananan motoci. Ta bambanta da sauran tayoyi ta fuska uku. Robarta mai laushi ce, ba ta sandarewa ko da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Zanenta mai zurfi ne, yana cika da dusar ƙanƙara, domin dusa tana kama 'yar'uwarta fiye da yadda roba ke kama ta. Sannan kowane ƙullin zane an tsattsaga shi da ɗaruruwan siraran tsagu masu kama da haƙoran zarto, waɗanda ke buɗewa su ciji ƙanƙara, su kuma shanye siririn ruwan da ke samanta. Wasu ma ana dasa musu ƙananan ƙusoshin ƙarfe.

Ɗalibin ilmin halittu zai ga kama tsakanin wannan da darasin dacewa da muhalli. Tafin raƙumi faffaɗa ne mai laushi, yana bajewa a kan rairayi don kada ya nutse. Farin beyar da ke zaune a kan ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya kuwa tafinsa yana da gashi da ƙananan ƙuraje masu hana zamewa. Kowanne gwani ne a gidansu, amma idan aka musanya musu wuri, abin da ya zame musu gata shi zai zame musu cikas. Haka taya take.

Yadda Ake Zaɓe a Ƙasashen Ƙanƙara

Mai jif mai gudu a Jamus ko Kanada yakan ajiye tayoyi kashi biyu, na bazara da na hunturu, yana musanya su sau biyu a shekara. A wasu wurare doka ce. Lardin Kwibek na Kanada ya wajabta tayar hunturu tun 2008, Jamus kuma tun 2010 ta hana hawa hanya mai ƙanƙara da tayar bazara.

Ƙa'idar farko ita ce a sa dukkan huɗun iri ɗaya. Idan aka sa na hunturu a gaba kawai, bayan motar zai zame ya juyo da ita a kwana. Ta biyu, a zaɓi tayar da ta ɗan fi ta bazara sirantaka, domin siririya tana huda dusa ta kai ga ƙasa, faffaɗa kuwa tana hawa samanta. Ta uku ta shafi wili, watau ƙarfen da ake ɗaura taya a kai. Irin waɗannan motoci sukan zo da babban wili da gajeriyar taya, don ƙawa da kama hanya a guje. Da hunturu sai a koma ƙaramin wili da taya mai tsayin gefe, amma tsayin duka biyun a haɗe ya zauna kusan yadda yake, don kada agogon gudu ya yi ƙarya. Alal misali, taya mai lamba 275/45 R20 tsayinta milimita 756 ne, mai lamba 255/60 R18 kuma milimita 763, bambancin kimanin kashi 1 cikin 100 ne. Sharaɗi shi ne ƙaramin wilin ya wadaci birkin motar, domin motoci masu gudu birkinsu manya ne. Da yawa kuma sukan fi son wili mai araha da hunturu, saboda gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe.

Akwai ƙa'ida ta huɗu, wadda ita ce ta haɗa wannan labari da Bata. Doka a Turai ta yarda a yi amfani da taya har zurfin zanenta ya sauka zuwa milimita 1.6. Amma tayar hunturu tana rasa amfaninta a dusa tun zanen yana milimita 4, kuma a ƙasar Ostiriya doka ba ta ɗaukar ta a matsayin tayar hunturu idan ta gaza haka. Don haka mai ita yakan yar da ita alhali a ido tana da sauran zane mai yawa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tayoyin hunturu suke yawan shiga cikin kayan gwanjo, kuma su ne suka fi burge mai saye.

Yadda Ta Iso Kano da Abin da Ke Samun Ta

A da Nijeriya tana ƙera tayoyinta. Kamfanin Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja ta Legas. Michelin ya rufe tasa a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008. Tun daga nan kasuwa ta dogara da na waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, amma duk da haka suna shigowa ta ɓarauniyar hanya, kuma tsadar sababbi ta sa masu motoci da yawa suna komawa gare su.

A Kano zafin rana a watannin Maris zuwa Mayu yakan kai digiri 40, baƙar kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, tana iya haura digiri 60. Ko da hunturu, da rana ta ɗaga zafi ya wuce iyakar digiri 7 da nisa. Robar da aka haɗa don ta yi laushi a cikin ƙanƙara, a nan laushinta ya wuce kima. Ƙullayen zanen, da yake an tsattsaga su, suna lanƙwashewa idan aka taka birki ko aka sha kwana, sai tazarar birki ta ƙaru, sitiyari kuma ya riƙa jinkirin amsawa. Wannan lanƙwasa tana ƙara haifar da zafi a cikin robar, tayar kuma ta suɗe da wuri. Zanen da ya ja hankalin mai saye ba ya daɗewa, an dawo ga maganar Hausawa cewa araha ba ta ado.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa zama tayar hunturu kaɗai ba shi ke sa taya ta fashe ba. Manyan dalilan fashewa su ne ƙarancin iska, lodi fiye da kima, tsufa, da raunin da ke ɓoye a ciki. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasa da kowane juyi, kamar wayar da ake lanƙwasawa ana miƙewa har ta yi zafi ta karye. Tsufa kuwa aikin iskar oksijin ne da hasken rana, waɗanda ke busar da roba ta tsattsage, kuma zafi yana hanzarta wannan aiki. Matsalar tayar hunturu ta gwanjo ita ce takan haɗa waɗannan duka: ta tsufa, ba a san tarihinta ba, robarta ba ta dace da zafi ba, sannan a ɗora mata fasinja da kaya a doguwar hanya da tsakar rana.

Karanta Gefen Taya

Duk abin da mai saye ke bukata a rubuce yake a jikin tayar. A ɗauki misalin 265/65 R17 112H. Lambar 265 faɗin taya ne da milimita. Lambar 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, watau milimita 172. Harafin R radiyal ne, 17 kuma girman wili da inci. Lambar 112 tana nuna tayar na iya ɗaukar kilo 1,120. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, T 190, H 210, V 240. Bai kamata a sa wa mota tayar da lambar nauyinta ta gaza abin da masu ƙera motar suka rubuta ba.

Shekarun taya suna ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT. Lambobi huɗu ne: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2318, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2018. Idan lambobin uku ne kawai, tayar ta girmi shekarar 2000. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi su guji tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Kamfanin Michelin kuwa shawararsa ita ce a riƙa kai taya ga gwani kowace shekara bayan ta shekara 5, kuma a cire ta idan ta kai 10 ko da zanenta bai ƙare ba. A wurin rubutun da aka goge ko aka kankare, sai mai saye ya yi hattara.

Game da gane tayar hunturu, alamar dutse mai tsini uku ita ce ta farko, kuma an fara amfani da ita a Amurka ta Arewa a 1999. Haruffan M+S, masu nufin laka da dusar ƙanƙara, su kaɗai ba hujja ba ne, domin tayoyin jif da yawa na kowane yanayi suna ɗauke da su, wasu na shiga daji ma har da alamar dutsen. Abin da ke tabbatarwa shi ne yawan siraran tsagu a kan kowane ƙulli, ko ramukan ƙusa, ko kalmomin Winter, Snow da Ice a cikin sunan tayar. Haka kuma tayoyin da aka yi bisa tsarin Amurka suna da darajar jure zafi, A ko B ko C, kuma A ce ta fi. Tayoyin hunturu ba a wajabta musu wannan daraja ba, shi ya sa yawanci ba a ganin ta a jikinsu.

Santsin Kano nasa daban ne: ruwan farkon damina da ke tayar da mai da ƙurar da suka taru a kwalta, da ruwan Agusta da ke kwanciya a hanya. Idan zane ya suɗe, ba shi da hanyar korar ruwa, sai taya ta hau saman ruwan, sitiyari da birki su daina aiki. A cikin ramukan zane akwai 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6, da zarar zane ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Iska kuwa a auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, bisa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko littafin motar. Darasin wili ma yana da amfani a nan, domin taya mai tsayin gefe ta fi gajeriya jure ramukan hanya.

Aikin Aji

Malami zai iya nuna tasirin zafi da cingam guda biyu da aka tausasa: a sa ɗaya a cikin ƙanƙara, ɗaya a rana, bayan minti 15 ɗalibai su gwada lanƙwasa kowanne su rubuta abin da suka gani. Bayan haka a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya nemi izinin masu motocin da ke harabar makaranta, ya kwafi rubutun tayoyi goma, ya fitar da shekarun kowace, da nauyin da take ɗauka, da ko ta hunturu ce. A ƙarshe su lissafa tazarar birkin motar da ke gudun mita 30 a daƙiƙa a busasshiyar kwalta da jiƙaƙƙiya, su kwatanta da ta mita 20.

Kammalawa

An ga cewa roba tana canja hali da yanayi, kuma kowace taya an haɗa ta ne domin wani zafi ko sanyi na musamman. Baturen da ke zaɓen tayar hunturu da Bakanon da ke ciniki a Bata tambaya ɗaya ce a gabansu, watau wace roba ce ta dace da hanyar da za a bi. Ga mai mota a Kano, abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi su ne shekarar ƙira, lambar nauyi da ta gudu, zurfin zane, tsagewa ko kumburi a gefe, da alamar dutse mai tsini uku. Ɗalibin da ya iya karanta waɗannan zai iya raka mahaifinsa ko yayansa shagon taya, ya nuna masa abin da aka rubuta kafin a ɗaura.